Rigimar kason tufafi: Yadda ƙaramin lissafi ya raba kan manyan ƙasashen duniya

A watan Agustan 2005, tashoshin jiragen ruwa da rumbunan kwastam na ƙasashen Tarayyar Turai sun cika maƙil da tufafin da aka ɗinka a ƙasar Sin. Akwai rigunan sanyi da wanduna da rigunan mata da rigunan mama, fiye da guda miliyan 70, waɗanda 'yan kasuwa suka riga suka biya kuɗinsu, ga kuma lokacin sanyi na ƙaratowa, amma jami'an kwastam suka ƙi sakin ko ɗaya. Dalilinsu shi ne kason da aka yanke wa Sin na shekarar ya riga ya cika.

Wata biyu kacal kafin nan, Kwamishinan Kasuwanci na Tarayyar Turai, Peter Mandelson, da Ministan Kasuwancin Sin, Bo Xilai, suka zauna a Shanghai suka amince cewa nau'o'in kaya goma da Sin ke kai wa Turai ba za su ƙaru da fiye da kashi 8 zuwa 12.5 cikin 100 a shekara ba. A takarda, lambobin ba su da girma. A kasuwa kuwa, su ne suka tsayar da kayan miliyoyin daloli, suka haɗa ƙasashen Turai faɗa da junansu, suka kuma tilasta wa ministocin komawa teburi cikin gaggawa.

Wannan dambarwa ita ce babi na ƙarshe na wata rigima da ta shafe kusan shekara 50 ana yi. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 2008, cinikin yadudduka da tufafi a duniya ya gudana ne bisa kaso, wato iyakar adadin da wata ƙasa za ta iya sayar wa wata a shekara. A duk tsawon lokacin, inda aka fi kai ruwa rana shi ne a kan tambaya guda: da kashi nawa kason zai riƙa ƙaruwa kowace shekara?

Asalin tsarin kaso

Masaƙa ita ce matakin farko da kusan kowace ƙasa ke takawa idan za ta shiga sahun masu masana'antu, saboda tana ɗaukar ma'aikata da yawa kuma ba ta buƙatar jari mai nauyi kamar ƙera ƙarfe ko motoci. Da ita Ingila ta fara, Amurka ta biyo baya, sannan Japan. To amma duk ƙasar da ta yi arziki, albashin ma'aikatanta na tashi, sai wata matalauciya ta fi ta arha. A nan ne masu masaƙun tsohuwar ƙasar ke garzayawa wurin gwamnatinsu neman kariya.

A 1957 Amurka ta matsa wa Japan har ta amince ta taƙaita yawan yadin audugar da take kai mata, aka kira matakin na ganin dama. Giɓin da Japan ta bari bai daɗe ba Hong Kong da wasu ƙasashen Asiya suka cike shi. Saboda haka a 1961 aka ƙulla yarjejeniyar wucin gadi a kan yadin auduga a Geneva, a 1962 kuma aka mai da ita ta dogon zango, wadda ta tanadi ƙarin kashi 5 cikin 100 a kowace shekara. Ƙasashen Asiya suka koma saƙa da zaren roba irin su foliyesta da nailan, waɗanda yarjejeniyar ba ta shafa ba.

Hakan ya haifar da ɗaya daga cikin rikice-rikice mafi zafi tsakanin Amurka da Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Richard Nixon ya yi wa jihohin kudancin Amurka masu masaƙu alƙawarin kariya a yaƙin neman zaɓen 1968. Bayan ya hau mulki, batun ya sarƙe da maganar mayar wa Japan tsibirin Okinawa, aka yi ta ja-in-ja da gwamnatin Eisaku Sato har zuwa Oktoban 1971, lokacin da Japan ta miƙa wuya. Ministan cinikinta na lokacin, Kakuei Tanaka, ya lallashi masu masaƙun ƙasarsa da diyya daga baitulmali. A Japan har aka riƙa shaguɓen cewa gwamnati ta ba da zare ta karɓo igiya, domin ɓangaren ƙarshe na sunan Okinawa yana nufin igiya.

Daga nan aka faɗaɗa tsarin ya game duniya. Ranar 1 ga Janairu, 1974, Yarjejeniyar Zaruruwa Daban-daban, wadda aka fi sani da MFA, ta fara aiki, ta haɗa auduga da ulu da zaren roba. An ce ta shekara huɗu ce, don a ba masaƙun ƙasashe masu arziki damar shiryawa. Sai da ta kai shekara 21 ana sabunta ta.

Yadda lissafin yake

Kowane kaso yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko shi ne tushe, wato adadin da za a fara ƙirgawa daga kansa, wanda galibi ake ɗaukowa daga abin da ƙasar ta sayar a watanni 12 da suka gabata. Na biyu shi ne ƙarin shekara-shekara. Na uku shi ne wa'adi. Bayan waɗannan akwai 'yan sassauci: a ari wani ɓangare daga kason wani nau'in kaya, ko a ɗauko ragowar bara, ko a ci bashin kason baɗi.

MFA ta tanadi cewa ƙarin kada ya gaza kashi 6 cikin 100 a shekara. Kason da ke ƙaruwa da kashi 6 yakan ninka kansa a shekara 12. Wanda ke ƙaruwa da kashi 1 kuwa, sai ya yi kusan shekara 70 kafin ya ninka. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 1 da 6 a teburin shawara ita ce tazarar da ke tsakanin ƙasar da za ta gina sababbin masana'antu da wadda za ta tsaya cik.

Ba a daɗe ana mutunta kashi 6 ɗin ba. Da aka zo sabunta yarjejeniyar a ƙarshen 1977, ƙasashen Turai suka dage sai an sa wata jimla da ta halatta kauce wa ƙa'ida gwargwadon hankali, idan ɓangarorin biyu sun amince. Amincewar ƙasa mai sayarwa a irin wannan zama ta dole ce, domin idan ta ƙi, mai saye na iya yanke mata kaso shi kaɗai. Ta wannan ƙofa aka rage wa manyan masu sayarwa ƙarinsu. A yarjejeniyoyin da Amurka ta ƙulla a 1986 da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu, ƙarin ya sauko zuwa wajen kashi 1 ko ƙasa da haka. A shekarar ce kuma aka shigar da yadin lilin da gaurayen siliki cikin tsarin, bayan masu saƙa sun koma gare su don tserewa kaso.

Ko hakan bai gamsar da masu masaƙun Amurka ba. A 1985 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da ƙudurin da zai zaftare shigo da kayan ƙwarai, Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi, yunƙurin danne matakinsa kuma ya faɗi da ƙuri'u kaɗan a Agustan 1986. Masu shawarar Amurka sun yi amfani da wannan barazana ta majalisa wajen matsa wa takwarorinsu na Asiya: ko ku karɓi ƙaramin ƙari daga hannunmu, ko ku gamu da abin da ya fi shi muni daga hannun 'yan majalisa.

Tsarin ya haifar da abubuwan da masu tsara shi ba su yi nufi ba. Takardar kaso ta zama haja. A Hong Kong ana saye da sayar da ita a fili, har wasu kamfanoni suka fi samun riba daga sayar da izinin fitar da riga fiye da ɗinka rigar. Masu jarin da kason ƙasarsu ya cika suka bazama neman ƙasashen da ba a ƙayyade musu ba. Ta haka kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ya haɗa gwiwa da kamfanin Desh na Bangladesh a 1979, aka kai ma'aikata 130 Koriya suka koyo aikin, daga baya da yawansu suka buɗe nasu kamfanonin. Ta haka kuma masu jarin Hong Kong suka isa tsibirin Mauritius. Katangar da aka gina don tare Asiya ita ce ta watsa sana'ar ɗinki zuwa ƙasashe da dama.

Alƙawarin Marrakesh

Da aka buɗe zagayen shawarwarin cinikin duniya a Punta del Este ta ƙasar Uruguay a 1986, ƙasashe masu tasowa, musamman Indiya da Pakistan, suka sa kawo ƙarshen MFA a sahun gaba na buƙatunsu. Ƙasashe masu arziki kuwa suna neman a shigar da haƙƙin mallakar fasaha da cinikin hidimomi cikin dokokin kasuwancin duniya. Cinikin da aka ƙulla ke nan: kowa ya ba da nasa ya karɓi na wani. An sa hannu a Marrakesh ta Maroko a Afrilun 1994, kuma ranar 1 ga Janairu, 1995, Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, ta fara aiki tare da sabuwar Yarjejeniyar Yadudduka da Tufafi mai wa'adin shekara goma.

Yarjejeniyar ta tanadi hanyoyi biyu. Ta farko, a riƙa fitar da kaya daga ƙarƙashin tsarin kaso mataki-mataki, bisa ma'aunin abin da ƙasa ta shigo da shi a 1990: kashi 16 a 1995, kashi 17 a 1998, kashi 18 a 2002, sauran kashi 49 kuma a rana ɗaya, 1 ga Janairu, 2005. Ta biyu, kason da ya rage a riƙa hanzarta ƙarinsa: da kashi 16 a matakin farko, kashi 25 a na biyu, kashi 27 a na uku.

A nan ne ƙasashe masu sayarwa suka gane cewa ba duk abin da ke sheƙi ne zinariya ba. Kashi 16 da 25 da 27 ɗin ƙari ne a kan ƙarin, ba a kan kason ba. Ƙasar da ke da ƙarin kashi 6 ta koma 6.96, sannan 8.7, sannan 11.05. Wadda aka riga aka danne ta zuwa kashi 1 kuwa ta koma 1.16, sannan 1.45, sannan 1.84. Idan kowacce ta fara da kason riguna 100, ta farko za ta kai wajen 234 bayan shekara goma, ta biyu kuma wajen 116. Duk wanda aka zalunta a tsohon tsari, da zaluncinsa ya shiga sabo.

Hanyar farko ma an yi mata dabara. Jerin kayan da za a zaɓa daga ciki ya ƙunshi abubuwan da ba a taɓa yi musu kaso ba, irin su lema da bel ɗin kujerar mota da laimar saukowa daga jirgin sama. Masu kason su huɗu ne, Amurka da Tarayyar Turai da Kanada da Norway, kuma kowacce ita ke zaɓen abin da za ta 'yanta. A matakin farko, abu ɗaya tak da ke ƙarƙashin kaso na gaske aka saki, shi ne safar hannu ta aiki a Kanada. Norway ce kaɗai ta kammala soke nata kason tun kafin wa'adi. Sauran suka tara wanduna da riguna da duk kayan da ke da kasuwa, suka jinkirta su zuwa ranar ƙarshe.

Ƙasashe masu tasowa sun kai ƙorafi ta kowace kafa. Costa Rica ta kai Amurka ƙara gaban WTO kan kamfai, Indiya ta kai ta kan rigunan ulu, Pakistan kan zaren auduga, kuma dukkansu sun yi nasara. A taron ministoci na Doha a 2001 sun nemi a lissafa ƙarin mataki na uku tamkar ya fara tun Janairun 2000. Aka miƙa buƙatar ga wani kwamiti ya ba da shawara kafin ƙarshen Yulin 2002, wa'adin ya wuce ba a cimma matsaya ba.

Kwana 21 na ƙasar Sin

Sin ta shiga WTO ranar 11 ga Disamba, 2001, saura kwana 21 mataki na biyu ya ƙare. Takardun shigarta sun ce za a ba ta ƙarin da yarjejeniya ta tanada gwargwadon yadda ya dace, ba tare da fayyace ma'anar hakan ba. Sin ta ce ta cancanci dukkan matakan. Amurka ta ce tunda kwana 21 kawai Sin ta yi a mataki na biyu, za a ba ta rabon kwana 21 ne daga cikin kashi 25 ɗin. Hukumar da ke sa ido kan yarjejeniyar a Geneva ta ga cewa ya kamata a ba ta kashi 25 cikakke, amma Amurka ta tsaya a kan bakanta. 'Yan kalmomi marasa kaifi a takarda sun zama asarar ciniki ta shekara uku.

Akwai wani sharaɗi mafi nauyi a cikin takardun, wanda ke sakin layi na 242 na rahoton kwamitin shigar Sin. Ya ba kowace ƙasa damar, har zuwa ƙarshen 2008, ta taƙaita tufafin Sin idan ta ga suna dagula mata kasuwa. Idan aka yi haka, kayan ba za su wuce kashi 7.5 ba, ko kashi 6 ga kayan ulu, a kan abin da ya shigo a watanni 12 na farko cikin watanni 14 da suka gabata. Sin ta karɓi wannan sharaɗi ne a matsayin kuɗin shiga ƙungiyar.

Amurka ta fara amfani da shi a ƙarshen 2003 a kan rigunan mama da rigunan wanka da saƙaƙƙen yadi, a 2004 kuma a kan safa. A Maris ɗin 2004 ƙungiyoyin masu masaƙu na Amurka da Turkiyya suka fitar da Sanarwar Istanbul suna neman a tsawaita tsarin kaso da shekara uku, kuma takwarorinsu na ƙasashe da dama, har da na Afirka, suka mara musu baya. Sin da Indiya da Pakistan suka ce alƙawari kaya ne, babu batun ɗagawa.

Shekarar da madatsa ta ɓalle

Ranar 1 ga Janairu, 2005, tsarin kaso ya mutu. Sin ta yi ƙoƙarin kwantar da hankula ta hanyar ɗora ƙaramin harajin fitarwa a kan nau'o'in tufafi 148, amma bai hana komai ba. A watannin farko na shekarar, wandunan auduga da rigunan saƙa na Sin da ke shiga Amurka sun ninka fiye da sau goma. Wani ɓangare na dalilin shi ne an daɗe ana danne kasonta, don haka ta taso ne daga ƙaramin tushe. Beijin ta yi ta maimaita cewa laifin na waɗanda suka tara kayan zuwa ranar ƙarshe ne, bayan an ba su shekara goma su shirya.

A watan Mayu Amurka ta mayar da kaso a kan wanduna da riguna da kamfai bisa ma'aunin kashi 7.5. Sin ta mayar da martani da janye harajin fitarwa a kan kaya da dama, tana cewa ba za ta bari a yi wa kamfanoninta duka biyu ba. A watan ne Bo Xilai ya tunatar da Faransawa a Paris cewa sai Sin ta sayar da riguna miliyan 800 kafin ta sami ribar sayen jirgin Airbus A380 guda ɗaya. Saƙon a fili yake: mai son sayar da jirgi sai ya bar ƙofar riga a buɗe.

Turai ta rabu gida biyu. Faransa da Italiya da Sifaniya da Fotugal da Girka, inda har yanzu masaƙu ke ɗaukar ma'aikata, suna neman kariya. Suwidin da Denmark da Holan da Finland, inda manyan kantunan sayar da tufafi suka fi ƙarfi, suna neman a bar kasuwa ta yi halinta. Yarjejeniyar Shanghai ta 10 ga Yuni ita ce tsaka-tsakin da Mandelson ya samo: kaya goma, ƙarin kashi 8 zuwa 12.5, wa'adi zuwa ƙarshen 2007. Sin ta sami ƙarin da ya fi kashi 7.5, ta kuma san abin da ke gabanta na shekara biyu da rabi. Turai ta sami birki.

Kuskuren yana cikin aiwatarwa. Sai da aka yi kusan wata guda kafin dokar ta fara aiki a watan Yuli, kuma a wannan tsakani 'yan kasuwa suka yi rige-rigen loda kaya a jiragen ruwa. Kason rigunan sanyi ya cika cikin makonni, na wanduna ya biyo baya, sauran suka bi sahu. Ranar 5 ga Satumba, ana cikin taron ƙolin Sin da Turai a Beijin, aka raba gardama: a saki dukkan kayan da ke tsare, Turai ta karɓi rabi ba tare da lissafi ba, rabin kuma a cire shi daga kason Sin na 2006 ko daga nau'o'in da ba su cika ba.

Da Amurka abin ya fi ɗaukar lokaci. An yi zama bayan zama tsakanin Yuni da Nuwamba, ana saɓani a kan abubuwan nan uku. Sin na son wa'adi ya ƙare a 2007 kamar na Turai, Amurka na son ya kai 2008. Sin na son kaya kaɗan da ƙari mai yawa, Amurka na son akasin haka. Sai kuma batun tushe, wanda ya fi kowanne nauyi ko da yake ba shi ne ke fitowa a kanun labarai ba. Kason da ya taso daga 100 yana ƙaruwa da kashi 12.5 zai kai 142 a shekara uku, wanda ya taso daga 300 yana ƙaruwa da kashi 7.5 kuwa zai kai 373. Saboda haka kowane wata da ya wuce kayan Sin na kwarara, tushenta na ƙara girma, kuma jinkirin na yi mata amfani.

Ranar 8 ga Nuwamba, 2005, Wakilin Cinikin Amurka, Rob Portman, da Bo Xilai suka sa hannu a Landan. Yarjejeniyar ta shafi nau'o'i 34, daga Janairun 2006 zuwa ƙarshen 2008, da ƙarin da ke hawa kowace shekara: ga galibin tufafi kashi 10, sannan 12.5, sannan 15. Amurka ta ci wa'adi, Sin ta ci ƙari. Da 2008 ta ƙare, tarihin kason tufafi ya rufe.

Waɗanda ba a gayyata ba

Ƙananan ƙasashen da kaso ya ba su masana'antu ba su da kujera a Shanghai ko Landan, amma su ne suka fi jin jiki. Dokar AGOA da Amurka ta kafa a 2000 ta ba ƙasashen Afirka kudu da Sahara damar kai tufafi ba haraji, har ta yarda matalautan cikinsu su yi ɗinki da yadin da suka sayo daga Asiya. Lesotho da Kenya da Madagaska da Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, sun ja masu jari da wannan dama. Da kaso ya faɗi, rabin fifikonsu ya tafi, kamfanoni suka rufe a Lesotho a farkon 2005, dubban ma'aikata, galibinsu mata, suka rasa aiki.

Afirka ta Kudu ta gwada nata kason a kan tufafin Sin na shekara biyu daga Janairun 2007. 'Yan kasuwarta suka koma sayowa daga wasu ƙasashen Asiya da maƙwabta, masaƙun gida ba su farfaɗo yadda aka zata ba. Bangladesh kuwa, wadda aka yi hasashen za ta durƙushe, ta ba maraɗa kunya har ta zama ta biyu bayan Sin a fitar da tufafi na tsawon shekaru. Ita da Biyetnam da Kambodiya sun ci gajiyar birkin da aka taka wa Sin tsakanin 2005 da 2008, domin suna da ma'aikata da masana'antu a shirye lokacin da masu saye ke neman madadi.

Inda ya shafi Najeriya

Najeriya ba ta cikin manyan 'yan wasan wannan rigima, amma guguwar ta same ta a daidai lokacin da masaƙunta ke numfashi sama-sama. Masaƙar Kaduna, KTL, da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007. Cutar ta daɗe: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina, da taɓarɓarewar noman auduga bayan rushe hukumar auduga a 1986. Damar AGOA ta zo ta tarar da babu mai ɗauka, ɗanyen mai ne ya mamaye abin da ƙasar ke kai wa Amurka a ƙarƙashinta.

Makamin da Najeriya ta fi riƙewa shi ne haramci. An ɗage shi a 1997, aka dawo da shi a farkon shekarun 2000, aka sake sassauta shi a 2010, daga baya Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa, matakin da aka janye a Oktoban 2023. Haramci kaso ne na sifili a takarda. A zahiri kuwa, atamfar Sin ta ci gaba da sauka a Kwatano da Lome, tana bi ta iyakoki har ta isa Kantin Kwari a Kano, ba tare da baitulmali ya ga harajinta ba. Amurka da Turai sun iya yin gardama a kan rabin kashi ne saboda kwastam ɗinsu na ƙirga kowace riga, kuma alƙaluman ne hujjarsu a teburi.

Batun bai tsufa ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka a Yamai a Yulin 2019, kuma ƙa'idojin tantance asalin yadi da tufafi suna cikin waɗanda suka fi jinkiri a shawarwarin. Tambayar ita ce ko rigar da aka ɗinka a wata ƙasar Afirka da yadin Asiya ta cancanci shiga kasuwar Najeriya ba haraji. Ƙasashe masu auduga da masaƙu na son a ce sai an saƙa yadin a nahiyar, masu ɗinki zalla na son sassauci. Wannan ita ce tsohuwar rigimar a sabuwar riga, kuma amsarta za ta shafi manomin auduga a Funtuwa da tela a Aba daidai wa daida.

Jami'an Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari da na Ofishin Shawarwarin Kasuwanci na Najeriya da aka kafa a 2017 su ne ke zama a irin waɗannan tebura. Tarihin kason tufafi ya nuna musu inda ake ɓoye ribar ciniki: a shekarar da aka ɗauka a matsayin tushe, a kan abin da aka ɗora kashi-kashin ƙari, a wanda ke da ikon zaɓen jerin kaya, a jimlolin da aka bari babu fassara, da kuma tazarar da ke tsakanin ranar sa hannu da ranar fara aiki. Ya kuma nuna cewa kariya wa'adi ce da ake saye da tsada. Masaƙun Amurka da Turai sun sami kusan shekara 50 nata, waɗanda suka yi amfani da lokacin suka koma yadudduka na musamman da tufafi masu daraja suka tsira, waɗanda suka zauna jiran a sake tsawaita wa'adi kuwa suka rufe ƙofa.